Yadda ɗalibin ilimin kwamfuta zai tsara shirin ci gaban kansa ya kuma riƙa koyo da shi

Ɗalibin da ke karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Ngaundare, ko a babbar makarantar fasaha ta Jami'ar Marwa, duka a arewacin Kamaru, yana iya samun maki 14 cikin 20 a jarrabawar algoritim, amma idan aka zaunar da shi gaban kwamfuta aka ce ya rubuta ɗan shirin da zai karanta sunaye daga fayil ya jera su bisa haruffa, sai gumi ya karyo masa. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san yadda karatun ke tafiya. Ɗalibai suna da yawa a aji, kwamfutocin ɗakin gwaji ba sa isar kowa, jarrabawa kuma sau da yawa a kan takarda ake rubuta ta, saboda haka mutum yakan saba da haddace kod ba tare da ya sha wahalar ganin kod ɗin ya ƙi aiki a hannunsa ba. Takardar sakamako tana faɗin abin da ɗalibi ya iya amsawa a ranar jarrabawa, abin da hannunsa ya iya kuwa sai shi da kansa ne zai bi sawunsa. Shirin ci gaban kai shi ne hanyar bin wannan sawu: ɗalibi ya rubuta inda yake, ya zaɓi inda yake son kaiwa a cikin zango ɗaya, ya riƙa rubuta abin da ya faru a hanya, sannan ya riƙa komawa kan abin da ya rubuta domin ya gyara tafiyarsa.

Tsarin ya fi shahara a jami'o'in Birtaniya. Rahoton kwamitin Dearing na 1997 ya ba da shawarar kowane ɗalibi ya kasance da kundin da ke nuna ci gabansa, wanda ya haɗa sakamakon jarrabawa da bayanin da ɗalibin ya rubuta da kansa game da karatunsa, hukumar kula da ingancin jami'o'in ƙasar, wato QAA, kuma ta fitar da ƙa'idojin yin hakan a 2001. A Faransa akwai makamancinsa a cibiyoyin fasaha na jami'o'i da ake kira IUT, inda ake koyar da shi a matsayin darasi mai zaman kansa da ake kira PPP, wato shirin ɗalibi game da kansa da sana'arsa. Tunanin da ke ƙarƙashinsa yana da alaƙa da bayanin da David Kolb ya yi a 1984, cewa mutum yana koyo ne idan ya yi aiki, ya waiwaya ya duba abin da ya faru, ya ciro ƙa'ida daga ciki, sannan ya gwada ƙa'idar a aiki na gaba. A ra'ayina, duk inda aka mayar da wannan tsari fom da ake cikewa a ƙarshen shekara don a ba malami, amfaninsa ya tafi, domin ɗalibi zai zauna dare ɗaya ya rubuta abin da yake zaton ana son ji. Abin da zan bayyana a nan shiri ne da mutum zai yi don kansa, ko makaranta ta nema ko ba ta nema ba.

Tsarin LMD, wato lisans, mastar da dokta, da jami'o'in Kamaru ke bi ya ma buɗe ƙofar hakan. Lisans zango 6 ne, kowane zango kiredi 30, wato ma'aunin nauyin karatu, jimilla 180, kuma a cikin lissafin kowane darasi akwai lacca, akwai TD, wato atisaye a aji tare da malami, akwai TP, wato aikin gwaji a ɗakin kwamfuta, akwai kuma abin da ake kira TPE, wato aikin da ɗalibi zai yi shi kaɗai. Jadawalin makaranta yana faɗa wa ɗalibi ranar lacca da ɗakin da za a yi ta, amma ba ya faɗa masa abin da zai yi da sa'o'in da aka bar masa. Waɗannan sa'o'i su ne filin da shirin zai yi aiki a kai.

Fara da auna kai a gaban kwamfuta

Kayan aikin ba su wuce littafin rubutu mai kauri ɗaya da biro ba. Na fi son littafi a kan manhajar waya, domin ba ya buƙatar caji, kuma saƙon WhatsApp ba ya faɗowa a tsakiyar shafinsa. A shafukan farko ɗalibi ya rubuta duk abin da ake sa ran ya iya zuwa ƙarshen shekarar da yake ciki, yana ciro su daga jerin darussan sashensa, amma ya farfasa su zuwa ƙananan ayyuka. Bai isa a rubuta "harshen C" ko "rumbun bayanai" ba. A rubuta: buɗe fayil da karanta shi layi bayan layi, rubuta fonksiyon mai kiran kanta, ƙirƙirar tebur biyu a SQL da haɗa su a tambaya ɗaya, raba adireshin IP zuwa ƙananan rukunoni, girka Linux a kan kwamfuta. Bayan haka ya nemi sanarwar neman ma'aikata ko ta sitaj, wato horon aiki a kamfani, guda biyar ko shida a fannin da yake sha'awa, ya ga abubuwan da suke maimaita nema waɗanda babu su a jadawalin makaranta, ya ƙara su a ƙasa.

Kowane abu a wannan jeri sai a ba shi ɗaya daga cikin matakai uku. Mataki na farko shi ne abin da aka ji a lacca kuma za a iya bayyana shi da baki. Na biyu shi ne abin da ake iya yi idan ana kallon misali. Na uku shi ne abin da ake iya yi daga fayil marar komai, littafi a rufe, intanet a kashe. Sharaɗin shi ne kada a ba wa kai mataki na uku sai an gwada a ranar, da agogo a gefe. Yawancin ɗalibai za su tarar cewa abubuwan da suke ɗauka sun iya suna mataki na biyu ne, kuma wannan ganowa tana da ɗaci, amma ita ce mafi amfanin abin da za a samu a makon farko. Wanda ya ga jerin nasa ya cika da mataki na ɗaya da na biyu kada ya karaya, haka jerin kusan kowa yake a farkon tafiya.

Zaɓen manufa

Daga cikin jerin sai a zaɓi manufa biyu, ko uku idan zangon ba shi da nauyi. Ɗaya ta fito daga darasin da ya fi ba ɗalibi tsoro a wannan zango, domin shirin da ya bar mutum ya faɗa jarrabawar ramuwa, wadda ɗalibai ke kira rattrapage, bai yi masa komai ba. Ta biyu ta zama aiki na hannu wanda zai ƙare da wani abu mai aiki da za a iya nuna wa mutane. Ta uku, idan akwai, ta shafi harshe ko iya bayani, kuma zan dawo kanta.

Yadda ake rubuta manufa shi ke raba wadda za ta yi aiki da wadda za ta tsaya a fata. "Ina son in ƙware a Python" fata ce, domin babu ranar da mutum zai iya cewa ya kai ko bai kai ba. A ɗauka wata ɗaliba ce 'yar aji biyu da ke zaune a Dang, inda harabar Jami'ar Ngaundare take, mahaifiyarta kuma tana riƙe da adashin mata a unguwarsu. Manufarta tana iya zama haka: "Kafin mako na goma, zan rubuta shiri da Python da SQLite wanda zai riƙe sunayen masu zubin adashi, ya rubuta zubin kowane mako, ya nuna wadda ba ta zuba ba da wadda za ta kwasa, kuma Inna za ta gwada shi da lissafinta na gaske." A cikin wannan jimla akwai rana, akwai abin da za a gani da ido, akwai kuma mutumin da zai ce ya yi ko bai yi ba. Sai ta yanka ta zuwa makonni: makon farko zana teburorin a takarda, na biyu shigar da suna da goge shi, na uku rubuta zubi, haka har ƙarshe, tare da barin mako biyu babu komai a cikinsu saboda lokacin CC, wato gwajin da ake yi a tsakiyar zango, da abin da ba a tsammani.

Irin wannan ƙaramin aiki yana koyar da abubuwan da lacca ba ta kaiwa gare su. Ɗalibar za ta gano cewa kuɗin sefa ya fi dacewa a ajiye shi a matsayin cikakkiyar lamba tunda ba a amfani da abin da bai kai faran ɗaya ba. Za ta kuma gano cewa sunayen Hausa da na Fulatanci masu ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suna lalacewa idan ba a ajiye fayil da tsarin UTF-8 ba, kuma ko an ajiye su daidai, jerawar da kwamfuta ke yi kai tsaye za ta kai sunan da ya fara da Ɗ can bayan wanda ya fara da Z, saboda lambar da Unicode ya ba wa waɗannan haruffa tana bayan ta haruffan Latin na asali. Warware wannan matsala kaɗai darasi ne cikakke a kan yadda kwamfuta ke riƙe rubutu.

Lissafin lokaci bisa yanayin da ake ciki

Shirin da aka kwafo daga intanet yakan ɗauka cewa wuta ba ta ɗaukewa kuma data ba ta ƙarewa. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma idan ruwa ya ja baya a ƙarshen rani ana jin abin a Garwa da Marwa da Ngaundare, ko da yake tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun kawo sauƙi. Saboda haka ya kamata a raba ayyukan mako gida uku tun a ranar tsarawa: abin da ke buƙatar wuta da intanet, abin da ke buƙatar wuta kaɗai, da abin da takarda da biro suka isa. Bin algoritim da hannu layi bayan layi, zana teburorin rumbun bayanai da lissafin adireshin IP duk ana yin su ba kwamfuta. Idan wuta ta tafi, sai a juya zuwa rukuni na uku maimakon a ce ranar ta lalace.

Game da data, dabarar ita ce a tara buƙatu a sayi forfe, wato kunshin data, ɗaya mai kauri, a sauke abin da za a yi mako biyu ana amfani da shi. Cikakken bayanin harshen Python ana sauke shi daga shafinsa a karanta ba intanet. Manhajar Zeal tana riƙe bayanan harsunan kwamfuta da yawa a cikin na'ura, Kiwix kuma tana buɗe Wikipedia ba tare da layi ba. Wanda ba shi da kwamfuta tukuna yana iya sa Termux a wayar Android ya rubuta C ko Python a ciki; yana da wahala a ɗan ƙaramin allo, amma ya fi zama jiran ranar TP. Ɗalibai uku ko huɗu da ke kwana a gida ɗaya suna iya raba saukewar a tsakaninsu su riƙa musaya ta filas.

Yanayin gari ma yana shiga lissafi. A Marwa da Garwa, daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma a irin wannan lokaci aikin da ke buƙatar nutsuwa ya fi kyau bayan sallar asuba, kafin ɗaki ya ɗauki zafi, kwamfutar ma ta fi samun sauƙi. Ngaundare da ke kan tudu tana da sanyi-sanyi, sai dai mazaunin cikin gari da ke zuwa Dang kullum, tafiyar kimanin kilomita 15, dole ya cire lokacin hanya daga lissafinsa. Azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka a duba tun farkon zango ko zai faɗo a tsakiyar karatu, a rage nauyin waɗannan makonni da gangan. Sa'a ɗaya a kullum wadda ake cikawa ta fi sa'a shida da ake rubutawa a jadawalin ranar Lahadi ba a taɓa cika su ba.

Littafin aiki

Nan ne zuciyar al'amarin, kuma nan ne mafi yawan masu farawa suke sakaci. Bayan kowane zama a gaban kwamfuta, kafin a tashi, a ɗauki minti biyar a rubuta abu huɗu: abin da aka yi niyyar yi, abin da ya faru, dalilin da ya sa ya faru, da abin da za a yi dabam a gaba. Ɗan kasuwar da ke rufe shago ba ya tafiya gida sai ya ƙirga ciniki ya rubuta bashi, domin ya san abin da bai rubuta yau ba gobe sai gardama; haka abin yake ga kuskuren kod, wanda mutum ke rantsuwa ba zai manta da shi ba, bayan mako uku kuma ya sake ɓata awa guda a kansa.

Ga misalin yadda shafi ɗaya zai iya kasancewa a hannun ɗalibin da ke koyon jeri mai sarƙa, wato liste chaînée, a harshen C:

"Talata. Niyya: fonksiyon da za ta ƙara lamba a ƙarshen jeri. Shirin ya haɗu lafiya, amma da na kunna shi sai ya mutu da saƙon Segmentation fault. Na zaci madaukin ne ya ƙi tsayawa. Na sa printf a wuri uku, na ga yana mutuwa a bakin madaukin, bai zagaya ko sau ɗaya ba. Dalili: jerin babu komai a cikinsa, kansa NULL ne, ni kuma na nemi abin da ke bayansa. Gyara: a fara duba ko kan jerin NULL ne. Ya ci mini minti 50. Daga yau duk fonksiyon da ta taɓa jeri zan gwada ta da jeri marar komai, da mai abu ɗaya, da mai abubuwa da yawa."

A lura da abu biyu a cikin wannan shafi. Ɗalibin ya rubuta zaton da ya fara yi ko da yake zaton bai zama daidai ba, kuma wannan yana da muhimmanci, domin bayan wata guda zai ga irin zaton da yake yawan yi ba daidai ba, ya san inda fahimtarsa take da rauni. Sannan ya rufe da ƙa'idar da za ta yi masa aiki a wasu wuraren, ba a wannan shiri kaɗai ba. Shafin da aka rubuta "yau na yi C, ya yi wuya" ba zai koya wa kowa komai ba. A kwafi saƙon kuskure yadda ya fito harafi da harafi, saura kuwa a rubuta da harshen da tunani ya fi gudana a cikinsa, Hausa ce, Faransanci ne ko gaurayensu, tunda ba malami ne zai duba ba.

Ranar da ba a yi komai ba ma a rubuta ta, layi ɗaya ya isa, tare da dalili na gaskiya. Idan dalilin wuta ne a rubuta wuta, idan kallon ƙwallo ne a rubuta ƙwallo.

Bita ta mako da ta wata

A ware rabin sa'a a rana ɗaya tabbatacciya cikin mako, misali yammacin Juma'a ko safiyar Lahadi, a karanta shafukan makon daga farko. Tambayoyin da za a yi wa kai kaɗan ne: me aka tsara, me aka yi, wane kuskure ne ya dawo fiye da sau ɗaya, kuma me za a canza a mako mai zuwa. Amsar tambaya ta ƙarshe dole ta zama abu ɗaya da za a iya aikatawa. Idan bita ta nuna cewa zaman dare ya faɗi sau huɗu saboda gajiya, canjin shi ne a mayar da shi asuba, ba a rubuta "zan ƙara ƙoƙari" ba. Idan manufa ta yi mako uku ba ta motsa ba, ko dai ta yi girma a sake yanka ta, ko kuma akwai wani abu na ƙasa da ba a iya ba wanda ya kamata a koma a gyara. Bitar da ba ta canza komai a jadawalin mako mai zuwa ba, karatun tarihi kawai aka yi.

A cikin wannan bita ne kuma ake sake gwajin mataki na uku. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaitawa bayan tazara tana rage ta. Saboda haka a ɗauko aikin da aka warware makon jiya, a rufe amsar, a sake rubuta shi daga farko. Idan ya fito, a ɗaga shi zuwa mataki na uku a jerin farkon littafi, a rubuta kwanan wata a gefensa. Idan bai fito ba, ya koma jadawali.

Sau ɗaya a wata ana buƙatar idon wani. Mutum ba ya ganin ƙeyarsa, kuma ɗalibi yana iya yin wata biyu yana gina abu a kan hanyar da wanda ya riga shi zai gane kuskurenta cikin minti biyar. Mafi sauƙin samu shi ne ɗalibin mastar ko na aji uku. "Yaya, don Allah ki duba mini waɗannan teburori, ina ganin na maimaita suna a wuri biyu" tambaya ce da ake amsawa nan take, saɓanin "ki koya mini SQL" wadda ba wanda ke da lokacinta. Malamai ma haka ne. Malamin da ke da ɗaruruwan ɗalibai ba zai iya zama da kowa ba, amma wanda ya same shi bayan lacca da shafi ɗaya a hannu ya ce, "Malam, ga abin da na sa a gaba wannan zango, ga inda na tsaya, ina neman shawara a kan abu ɗaya," da wuya ya dawo hannu rabbana. Abin da aka faɗa a rubuta shi a littafin a ranar. Shafin nan ɗaya yana da wani amfanin a gida: Baba ko Kawu da ya biya sefa 50,000 na rajista ya fi saurin fahimtar buƙatar kuɗin data ko na ƙarin ƙwaƙwalwar kwamfuta idan ya ga abin da ake yi da su a rubuce.

Ajiye shaida

Littafi yana riƙe tunani, kod kuma yana buƙatar nasa ma'aji. Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, yana ajiye tarihin duk canjin da aka yi wa shiri, kuma abin da ɗalibai da yawa ba su lura da shi ba shi ne yana aiki ba tare da intanet ba. Umarnin git init, git add da git commit duk a cikin kwamfutar mutum suke gudana. Turawa zuwa GitHub ko GitLab ne kaɗai ke buƙatar layi, kuma ana iya yin ta sau ɗaya a mako. A saba da ajiye canji a ƙarshen kowane zama tare da gajeren bayani mai ma'ana. Kwamfuta tana lalacewa, ana kuma sace ta, filas tana ɗaukar ƙwayar cuta a shagon buga takardu, amma abin da aka tura yana nan. Kowane aiki da aka gama a rubuta masa ɗan fayil mai bayyana abin da yake yi da yadda ake kunna shi. Ranar neman sitaj a Sodecoton da ke da hedkwata a Garwa, ko a Camrail, ko a ofisoshin kamfanonin waya, bankuna da ƙungiyoyin agaji da ke Marwa, takardun neman ɗalibai duk kusan iri ɗaya ne, sai wanda ya iya buɗe kwamfuta ya nuna abin da ya gina. Gani ya kori ji.

Harshe, mataimakan zamani da iyakar doka

Manufa ta uku da na ambata a baya ta fi dacewa ta tafi kan Turanci. Ana koyar da mafi yawan ɗaliban arewa da Faransanci, haka ma 'yan'uwanmu da ke zuwa daga Cadi, amma saƙonnin kuskure, bayanan harsunan kwamfuta da yawancin amsoshin da ke intanet da Turanci suke. Ba a buƙatar iya zance da farko. Karatu ake buƙata. Manufa mai kyau ita ce karanta shafi ɗaya na bayanin asali a kowace rana da rubuta kalmomi biyar a bayan littafi. Iya bayani da baki ma yana shiga nan, domin ranar kare aikin ƙarshe gaban malamai tana zuwa, kuma wanda ya saba bayyana kod ɗinsa ga abokan karatu cikin minti biyar sau ɗaya a wata ba zai daburce a ranar ba.

Manhajoji irin su ChatGPT suna rubuta kod cikin daƙiƙa, kuma ɗalibin da ya miƙa musu kowane TP zai ci maki ya fita da mataki na ɗaya a komai. Ya kamata a rubuta wa kai doka a cikin shirin: rabin sa'a na ƙoƙari da rubuta zato a littafi kafin a tambaya, a nemi bayanin kuskure maimakon cikakkiyar amsa, sannan a rufe a sake rubutawa da hannu. Amsarsu ma sai an gwada ta, domin suna kuskure da cikakken ƙarfin hali.

Masu sha'awar tsaron kwamfuta su sani cewa dokar Kamaru mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010 ta tanadi hukunci a kan shiga tsarin kwamfutar wani ba da izini ba, hukumar fasahar sadarwa ta ƙasa, wato ANTIC, kuma tana sa ido a wannan fage. Atisaye a yi shi a kan kwamfutar gwaji da aka girka cikin VirtualBox a na'urar mutum, ba a kan layin makaranta ko na maƙwabci ba.

Ƙarshen zango

Bayan jarrabawa, kafin sakamako ya fito, a koma jerin farkon littafi a sake auna kowane abu da gwaji kamar yadda aka yi a makon farko, a rubuta shafi ɗaya: manufar da aka cimma, wadda ba a cimma ba da dalilinta, da kurakurai uku da suka fi maimaituwa. Idan sakamako ya fito sai a kwatanta shi da wannan shafi. Darasin da aka ci da maki mai kyau alhali abubuwansa suna mataki na biyu ya shiga shirin hutu, domin darasin shekara mai zuwa a kansa za a ɗora. Manufar da ta sha faɗuwa zango biyu a jere kuma babu darasi ko aikin da ke buƙatarta, a soke ta ba tare da jin kunya ba, a ba wata wurin.

Wanda zai tafi hutu garin da wuta da layi ba su da tabbas ya zaɓi manufa ɗaya kacal, ya sauke bayanan da take buƙata kafin ya bar makaranta, ya tura duk kod ɗinsa, ya kwafi tambayoyin TD na zangon a takarda, ya kuma rubuta a shafi na gaba ranar da zai yi bitar farko bayan ya isa gida.